Biyar da Ta Ƙi Raguwa

A gida Injiniya suke ce mata, ko da yake manhaja take rubutawa, ko fanka ba ta iya gyarawa. Da Mama ta fara mantuwa, sai ta haɗa wata 'yar manhaja mai raba wa 'ya'yan ranakun zuwa duba ta. Kowace safiya wayar Mama takan faɗi da murya wanda zai zo.

Su biyar ne. A layi na uku na manhajar ta rubuta adadinsu, ta sa masa const a gaba, kalmar da masu wannan aiki ke ɗora wa abin da ba zai taɓa canzawa ba. Lokacin ko ɗar ba ta ji ba.

Auta ya rasu ranar Asabar. Ranar Alhamis wayar ta kira sunansa. Mama ta yi wanka, ta yafa mayafi, ta zauna a kujerar bakin ƙofa tana jiransa har azahar. Aka sake gaya mata, ta yi kuka kamar ranar farko, ta kuma manta.

Ga shi gobe wata Alhamis ce. Injiniya ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci. Ta kasa duban layi na uku, sai ta gangara can ƙasa ta ƙara umarni cewa a rage ɗaya. Jan rubutu ya fito: ba a taɓa tsayayyen adadi. Ta san haka sarai, ita ce ma ke yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kai. Duk da haka ta sake gwadawa har sau biyu.

Yayanta ya leƙo daga kicin. "Ta ƙi ne?"

"Sai na koma inda na rubuta, Yaya. Da hannuna."

"To koma mana. Ko so kike Mama ta sake wuni a bakin ƙofa?"

Ta koma layi na uku, ta goge biyar, ta sa huɗu. Ta cire sunan Auta daga jerin masu zuwa.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Saura kalma ɗaya."

Ta daɗe tana kallon const. Huɗun ma ba ta isa ta yi alkawarin ba za su ragu ba. Ta goge kalmar, kwamfutar ta karɓa ba musu, kuma a nan ne kuka ya ƙwace mata.