Ƙashin Ƙwauri

A bazarar da yaƙi ya cika shekara, Nimgir ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar tsohuwa Bulgun, ya sauke tukunya. Zuwansa na uku ke nan yana nema wa Liji, ɗan ƙanensa, auren jikarta Delgir. Jibi motar soja za ta tafi da Liji. In ba a ɗaura yau ba, ba wanda ya san ranar.

Sai dai a al'adarsu aure ba ya ɗauruwa sai da dafaffen rago, ango da amarya su riƙe ƙashin ƙwaurinsa su rusuna wa rana sau uku. Tumaki kuwa duk an kora su gabas saboda Jamusawa. Abin da ke cikin tukunyar barewa ce, wata iri mai kumburarren hanci, wadda Nimgir ya harbo jiya. Kan ya bar shi a daji.

Aka sha shayi mai gishiri, aka juye nama a akushi. Idon Bulgun ya mutu, amma yatsunta na gani. Ta shiga laluba.

"Ina kan?"

"Kare ya ɗauke, Iya."

"Karnukanku sun ji daɗi."

Ta zaro ƙashin, ta shafa shi daga sama har ƙasa. Siriri ne, dogo. Gumi ya gangaro wa Nimgir cikin riga. Liji, da ke zaune a gefensa, ya kafa wa takalmansa ido.

"Nimgir, ragon nan naka ya sha gudu."

"Lokacin yaƙi ne, Iya, kowa gudu yake."

Ba wanda ya yi dariya.

"Wato jikata ta rusuna wa rana da ƙashin dabbar da ba ta kwana biyu wuri ɗaya? Ka taɓa ganin barewa ta koma gida?"

A bayan labule ludayi ya suɓuce daga hannun Delgir.

Tsohuwa ta ja gwiwa zuwa akwatinta, ta daɗe tana tono. Ta fito da wani ƙashin ƙwaurin rago da ya yi jawur don tsufa, naɗe cikin farin ƙyalle.

"Da wannan aka ɗaura nawa. Mutumin ba shi da kirki, amma shekara arba'in duk inda ya je sai ya dawo." Ta miƙa wa Liji. "Riƙe, yaro. Ku fita tun rana ba ta karkata ba. Kai kuma, tsohon maƙaryaci, yanko mini wajen mai taushi."