Jijiyar Dutse

Shekara arba'in Pochayya ya yi yana fasa dutse a bayan garin Haidarabad, sana'ar da ya gada wurin ubansa, amma bai taɓa ganin wanda ya zo wurin dutse da kujera ba sai a wannan bazarar. An sayar da tudun da suke aiki a kai, za a gina benaye masu hawa ashirin. Shi da matarsa Balamma da wasu iyalai shida aka ɗauka su kawar da duwatsun. Shi yana tsagawa, ita tana mayar da ɓaraguzan tsakuwa da 'yar gudumarta.

Baƙon wani siririn dattijo ne mai farin gemu da tabarau. Da sassafe yake zuwa a kan tsohon babur, ya kafa kujerarsa a gindin darbejiya, ya jingina allon da aka ɗaure wa ƙyalle, ya zuba wa ƙaton dutsen da ke ƙololuwar tudun ido, wanda ya ɗare kan wani ƙarami kamar tulu a kan gammo. Sunansa Malam Wajid, tsohon malamin zane ne da ya yi ritaya. Balamma ce ta binciko wannan, don ita ba ta iya ganin mutum zaune cikin zafi ba ta miƙa masa tsinkakken nono ba.

Ranar da Pochayya ya fara leƙa allon, bai ga dutse ba. Toka-toka a nan, ja kamar tsatsa a can, sai wani baƙin layi da ya ratsa tsakiya. Ya koma ya gaya wa Balamma cewa mutumin nan ko dai idonsa ya mutu ko kansa ya taɓu, don bangon da akuya ta goga jikinta ya fi wannan kyan gani. Ta ce ya ji da gudumarsa.

Amma kullum in zai wuce ɗebo ruwa sai ya leƙa. A rana ta takwas ya kasa haƙuri, ya tsaya.

"Malam, wannan layin naka ƙarya ne."

Malam Wajid ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. Ya yi masa bayani a hankali cewa ba hoton dutsen yake yi ba. Nauyinsa da zafinsa da daɗewarsa a duniya yake neman sa wa a ƙyalle. Pochayya ya ce shi bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne jijiyar dutsen nan ba a miƙe take ba, daga kafaɗar hagu ta karkato zuwa gindi, kuma duk wanda ya buga ƙarfe inda Malam ya ja layinsa zai wuni a banza.

Ya ɗauka dattijon zai ji haushi. Sai kawai Malam ya ajiye buroshi ya ce a nuna masa. Suka hau tudun, Pochayya na riƙe da hannunsa saboda santsi. Ya watsa wa dutsen ruwa, ƙwayoyinsa suka fito a jere. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya sa Malam ya kara kunne ya ji inda sautin ke sauyawa. Da suka sauko, Malam ya sa wuƙa ya kankare aikin kwana takwas.

Daga nan suka saba. Malam yana zuwa da shayi a fulas, su kuma suna ɗiba masa shinkafa da miyar tsamiya, yana ci yana hawaye saboda barkono, Balamma na masa dariya. A wurin cin abinci ne Pochayya ya lura hannun Malam na rawa. Malam bai ɓoye ba. Ya ce da fuskokin mutane yake zanawa, har rawar hannu ta hana shi daidaita ido da hanci. Dutse kuwa ba ya fushi in an ba shi karkataccen hanci.

Ran nan ɗan kwangila ya zo ya ce ranar Litinin a sauke na ƙololuwa. Da Malam ya ji, sai ya nufo Pochayya. Ya ce dutsen nan yana nan tun kafin a san za a yi gari, ya roƙi Pochayya ya ƙi. Pochayya ya ce in ya ƙi za a kawo masu nakiya, kafin azahar dutsen ya zama ɓurɓushi. Magana ta ja magana, har Malam ya ce masu fasa dutse su ne masu cinye ƙasusuwan garin nan.

Pochayya ya ajiye kofin shayin.

"Malam, gidanka a kan me yake zaune? A kan iska? Tushensa dutse ne, wataƙila ubana ne ya fasa shi. Mu muka fasa, ku kuka shiga. Ni har yau a ƙarƙashin tamfol nake kwana."

Malam ya miƙe. Ya naɗe kayansa ya tafi.

Litinin ta zo, gindin darbejiya ba kowa. Pochayya ya hau tudun da ƙarafansa, ya zagaya dutsen sau biyu, ya sauko ya kama wani. Ya gaya wa ɗan kwangila cewa sai an fara share na ƙasa, in ba haka ba babban zai gangaro kan mutane. Akwai gaskiya a ciki, amma ba da yawa ba. Ɗan kwangila ya zazzage shi a gaban jama'a, ya ce tsufa ya fara sa shi tsoro. Pochayya ya haɗiye. Balamma ta ce masa in jiran mutumin yake yi ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Ya ce shi ba ya jiran kowa.

Ranar Alhamis sai ga babur. Malam ya sauko da ƙullin alawa, ya tsaya gaban Pochayya ya ce bakinsa ya yi kuskure, ya yi kwanaki yana jin kunyar dawowa. Pochayya ya karɓi alawar ya miƙa wa Balamma, ya ce kwana huɗu suka rage kafin ƙaryar da ya yi wa ɗan kwangila ta ƙare, Malam ya yi sauri.

Kwana huɗun nan Malam ko shayi bai sha a zaune ba. Bai gama ba duk da haka. Kusurwa guda ta rage fara.

Pochayya ya so a ce dattijon bai zo ranar fasawa ba, amma Malam ya riga kowa isowa. Aka jera ƙarafa goma sha biyu a kan jijiyar, Pochayya na bin su da guduma ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Rana ta take tsaka kafin sautin ya sauya. Ya ɗaga hannu kowa ya ja baya. Dutsen ya yi wani nishi, ya buɗe biyu, rabi ya kwanta a kan yashin da aka tara masa.

Malam ya matso a hankali. Cikin dutsen ba toka-toka ba ne kamar bayansa. Jaja-jaja ne mai haske kamar cikin gwaba, da ɗigon baƙi da wani farin zare yana ƙyalli. Ya ɗora tafinsa mai rawa a kai, ya daɗe a haka. Pochayya ya ga gemunsa ya jiƙe, ya kau da kai.

"Kullum haka kake gani?" in ji Malam.

"Kowanne da irin cikinsa. Ni ke fara gani, sannan mota ta kwashe."

Malam ya zauna nan a ƙasa, ya ciro sabon ƙyalle. Pochayya ya hana a taɓa rabin nan har la'asar.

Bayan mako biyu tudun ya zama fili, aka ce su tattara su koma wani wuri can bayan filin jirgi. Suna ɗora tukwane a bayan babbar mota sai ga Malam ya zo sallama. Ya tambayi Pochayya ko akwai manyan duwatsu a can. Pochayya ya ce akwai waɗanda suka fi wannan, amma da nisa, babur ɗin nan ba zai kai shi ba. Malam ya juya wurin direban, ya tambaye shi wace bas ce ke zuwa can, kuma ƙarfe nawa ta farko ke tashi.