Indararon Kan Katanga

Malam Bunu ya jingina tsani, ya girgiza shi ya ji ya zauna, sannan ya ɗaga murya kamar yadda aka saba a Katagum idan namiji zai hau rufi: "A gafara! Za a hau sama! Mata a kintsa!"

Kalmomin sun yi masa ɗaci a baki. Sanarwa ce da ake yi domin matan maƙwabta, alhali bayan wannan katanga gidan ubansu ne, gidan da kakansu ya gina da ya zo daga Barno, tun kafin Turawa su mayar da sarauta Azare. Rabon gado ne ya tsaga tsakar gidan biyu. Gabas ta faɗo wa Bunu, wanda ya dawo bayan ya yi ritaya daga koyarwa a Azare. Yamma ta zama ta ƙaninsa Sha'aban, kuma can ɗakin yayarsu Yakaka yake. Tun ranar da aka tashi daga gaban alƙali ba su sake gaisawa ba.

Ya hau a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Indararon dogon kwano ne da ya bi bakin rufinsa a kan katangar, yana kai ruwa lungu. Wayar da ke riƙe da tsakiyarsa ta tsinke, cikinsa ya sauko kamar na tsohuwar akuya. Da ya leƙa ƙasa sai ya ga ɓarnar. Duk ruwan rufinsa a gindin ɗakin Yakaka yake zuba. Ƙasar ta zaizaye har tubali ya fito, tsaga ta hau bango zuwa taga. Wannan ba ɓarnar damina ɗaya ba ce.

Sha'aban yana zaune a kan turmi yana gyaran fatsa.

"Sha'aban, ka ga wannan bangon kuwa?"

"Ina da ido, Malam."

Malam, ba Yaya ba.

"Me ya hana ka aiko a gaya mini?"

"Kai da ka yi boko, ai ka san ruwa gangara yake bi."

Bunu ya nuna indararon. "Sai an tokare shi da gwafa daga wajenka. Buɗe mini ƙofa, yanzu in gama."

"Ƙafarka ba za ta taka nan ba. Kai ka ce a ja katanga. Bar shi ya faɗi, alƙali ya zo ya ga aikin ruwanka."

"Yaya ce fa take kwana a ciki!"

"Yau ka tuna?"

Hadari ya riga ya haɗe a gabas, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya. Bunu ya dubi nasa ɓangaren. Daidai ƙarƙashin inda kwanon ya sauko ƙofar ɗakinsa take, kuma dokin ƙofar bai kai taƙi ba. Ya ciro filaya daga aljihu, ya kama leɓen kwanon na wajensa, ya danne shi ƙasa da iyakar ƙarfinsa har ya buɗe baki. Ya ɗaga na wajen Sha'aban, ya naɗe shi da guntuwar waya. Kwanon ya yanke shi a tafin hannu, ya goge jinin a rigarsa.

Ɗigon farko yana sauka aka ɗaga labulen ɗakin. Yakaka ta fito tana lalube da sanda, ta ja mayafi har goshi saboda sanarwar da ta ji. Idanunta sun yi fari fat. Bai san ta makance ba.

"Sha'aban, wane ne a sama? Muryar kamar na san ta."

Bunu ya buɗe baki. Sha'aban ya riga shi, ko kai bai ɗaga daga fatsar ba.

"Wani mai gyara ne, Yaya. Koma ciki."

"To, Allah ya yi masa albarka," ta ce, ta saki labule.

Ruwa ya kece. Bunu ya sauko da ƙyar, ya tsaya a tsakar gidansa yana kallon ruwan yana tsallake dokin ƙofa, yana shiga ɗakinsa.