Fulogi Biyu Sama, Biyu Ƙasa

Shekara talatin Auta yana gyaran mota, bai taɓa jin kunyar inji ba sai da yayarsa ta ajiye aikin koyarwa ta sayi wata 'yar mota ja, gajera, mai kujera biyu. Injinta ba fistan. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki, guda biyu, kowanne da ɗakinsa.

Sati uku ke nan da ya canza mata fulogi, motar ta koma tari. Ta tashi yau, gobe ta ƙi.

Yaya ta shigo gareji da safe, ta share kan wata tsohuwar taya da gefen gyalenta, ta zauna.

"Auta, akwai wani can bayan tasha, ya ce zai cire wannan injin ya dasa mini irin na kowa. Gobe zai turo a ja ta."

"Haba Yaya! A yanke wa tsuntsu fiffike a sa masa ƙafar jaki?"

"Jakin dai yana zuwa kasuwa. Kai da gemunka fari, fulogi huɗu sun gagare ka."

"Ba ni lokaci zuwa la'asar."

"Na ba ka. Ga ni nan, ba inda za ni."

Ya kwance huɗun ya jera a kan tsumma. Biyun sama tsaf. Biyun ƙasa baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya zazzage gwangwanin da yake jefa tsofaffin kaya, ya tono waɗanda ya cire tun farko, ya zuba a aljihu, ya tsallaka titi.

Mai shagon kayan gyara yana karin kumallo, ya ɗago.

"A'a, likitan motoci! Me ya mutu kuma?"

Auta ya zube tsofaffin a kan kanta. Mai shago ya goge hannu, ya sa tabarau, ya ware biyu dama, biyu hagu.

"Rannan guda nawa ka kawo mini samfur?"

"Ɗaya."

"Ka ce me?"

"Na ce ba ni huɗu irinsa." Haka yake yi tun yana saurayi, bai kuma taɓa ba shi kunya ba.

"To ai ga ta nan. Na sama ka ciro, don shi ne kusa da hannu. Wannan injin kowane ɗaki fulogi biyu ne, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Na ƙasa shi ke fara kunna wuta, mai riƙe zafi ake sa masa don ya riƙa ƙone dattinsa. Na sama ya biyo baya ya ƙarasa, shi mai saurin hucewa ne. Ka sa mai hucewa a ƙasa, dole ya toshe."

"Kai kuma da ka sani, bakinka ciwo yake?"

"Ka faɗa mini motar? Ka shigo kana hura hanci. Gode wa Allah ba na ƙasan ka kawo ba. Ya fi tsawo. Da ka ɗaura shi a sama, da yanzu ta'aziyya muke."

Auta ya karɓi sababbi biyu, ya dawo gareji. Ya busar da ɗakunan, ya ɗaura kowanne a raminsa da yatsu kafin ya sa sifana, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har sau biyu.

"Yaya, murɗa."

Ta shiga motar ta murɗa makulli. Injin ya yi kaki, ya tofar da hayaƙi fari, sannan ya kama, sumul, kamar keken ɗinki a hannun gwani.

"Kar ki kashe! In ba ta yi zafi ba kika kashe, fetur zai sake cika ta."

"Laifin wa ne ashe?"

"Nawa."

"Maimaita, injin ya hana ni ji."

"Nawa ne, Yaya."

Ta miƙa hannu ta buɗe masa ɗaya ƙofar.

"Wanke hannunka ka shigo. Kuma ka ɗaura bel, ni ba na tafiyar tsofaffi."