Tiyon Taraktar Matiyu

"Ka janye wannan ruɓaɓɓiyar motar daga ƙofar gidana!" Malam Zubair ya faɗa, yana tsallake baƙin man da ya malalo har gindin dakalinsa.

Matiyu ko kai bai ɗago ba. Yana tsugune a bayan tsohuwar taraktarsa, injin na ta ruri, hayaƙi na kutsawa gidajen mutane.

"Hanya na gwamnati ne," ya ce. "In na babanka ne, kawo takarda mu gani."

Katanga ɗaya ta raba gidajensu, amma shekara bakwai ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Malam Zubair bakanike ne, garejinsa na kan hanyar kasuwar shanu, kuma a da shi yake duba wa Matiyu taraktar nan. Wata shekara famfon mai ya lalace sati guda bayan gyara, sai Matiyu ya tsaya a tsakiyar tasha, gaban direbobi da 'yan kamasho, ya rantse cewa Zubair ya cire masa famfo na asali ya sa masa tsoho. Ƙarya ce, amma mutanen garin Mubi ba su tsaya bincike ba. Har yau akwai masu ce masa Zubair Mai Canji a bayan idonsa. Tun daga ranar naman layya ya daina haura katanga, shinkafar Kirsimeti ma ta tsaya a nata ɓangaren, Matiyu kuwa ya zama bakaniken kansa, da sifana biyu da taurin kai.

Yanzu ga damina ta kawo kai, gonarsa ta hanyar Maiha na jiran huɗa, taraktar kuma ta ƙi ɗaga garma. Tiyon da ke kai mai ga abin ɗagawar ne yake yoyo. Matiyu ya naɗe shi da robar tsohon tayan keke har wuri uku, man bai fasa zuba ba.

Malam Zubair ya riga ya hau babur ɗinsa lokacin da ya ga abin. Matiyu ya ja libar ɗaga garma, injin ya ƙara nishi, sannan ya sa tafin hannunsa tsirara yana shafa tiyon daga sama zuwa ƙasa, yana laluben inda ramin yake. Duk wanda ya yi shekara talatin a kanikanci ya san ba a yin haka. Man da ke cikin tiyon nan, in ya sami rami kamar bakin allura, fita yake da ƙarfin da zai huda fata ya shige cikin nama. Zubair ya taɓa ganin mutumin da ya rasa hannu ta wannan hanya. Maganar ta zo masa har bakinsa, sai ya tuna tasha da dariyar 'yan kamasho, ya haɗiye ta.

"Kai!" Matiyu ya fizge hannu, ya yarfe shi, ya duba. Ɗan ɗigo ne ja a gindin babban yatsa. Ya tsotse wurin, ya tofar, ya goge a wando. Da ya ga maƙwabcinsa na kallo sai ya ce, "Me kake kallo? Ba ka taɓa ganin mutum yana aiki ba?"

Zubair ya san irin wannan ciwon ba ya kwana. A ranar ake kai shi asibiti a tsaga hannun a wanke man, in ba haka ba sai abin da Allah ya yi. Ya buga babur ɗinsa ya tafi. Yini guda a gareji yana gaya wa kansa wataƙila waya ce ta karce shi, kuma a ransa ya san ba waya ba ce.

Washegari matarsa Hamsatu ta ce masa, tana zuba masa koko, "Maman Eric, matar Matiyu, ta leƙo neman man zafi. Wai hannun maigidanta ya kumbura kamar burodi. Sun je kemis an ba shi ƙwayoyi."

"Ina ruwana?" ya ce. Kokon dai bai shanyu ba.

Sai da ya ƙara kwana ɗaya cur yana kokawa da zuciyarsa. Ranar Laraba da hantsi ya iske Matiyu zaune a inuwar darbejiyar ƙofar gida, an naɗe hannun da tsumma, yatsun sun yi baƙi-baƙi, gumi na tsattsafo masa a goshi. Zubair bai yi sallama ba, kuma maganar da ya kwana yana shiryawa ta fito masa a karkace.

"Kai, wannan ba ciwon kemis ba ne. Mai ne ya shiga jikinka. Ka tashi a kai ka asibiti yanzu, in kana da hankali."

Matiyu ya dube shi sama da ƙasa. "Yau kuma ka zama likita? Ƙaramin ciwo ne. Kana so su yanke hannu na, in kawo maka tarakta ka cinye sauran."

"Ni ina ruwana da gwangwaninka? Hannun nan ruɓewa yake yi!"

"Hannu na ne. Ɓarawo ba zai koya mini zaman duniya ba."

Kalmar ta sauka inda ta saba sauka. "To zauna ka mutu," Zubair ya ce, ya juya. A bakin ƙofa ya ga Dokas, matar Matiyu, tsaye da kwanon ruwan zafi. Ta ji komai.

Ranar Juma'a aka fito da Matiyu a rirriƙe aka cusa shi cikin keke napep, yana sambatu da yarensu. Asibitin gari suka ce abin ya fi ƙarfinsu, aka wuce da shi Yola. Can aka yanke hannun daga gwiwa, amma dafin ya riga ya bi jini. Ranar Lahadi da rana kuka ya tashi a bayan katanga, Hamsatu ta saki muciya ta yi salati. Zubair na zaune a dakali, ya kasa tashi.

Ya je gaisuwa tare da mutanen unguwa, ya zauna a bencin da aka aro daga coci, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Dokas ta amsa wa kowa, shi kuwa ta kalli bango.

Aka yi jana'iza, baƙi suka watse, ɗansu Eric ya koma wurin aikinsa a kudu. Ruwa ya zauna sosai. Kowa ya yi shuka ban da gonar Matiyu, taraktar na nan inda ya bar ta, garma a ƙasa, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Abin da gidan zai ci baɗi yana cikin gonar nan, kuma Zubair ya sani.

Wata safiya ya fito da akwatin kayan aikinsa, ba wanda ya kira shi. Ya kaɗa liba gaba da baya har ya tabbata babu sauran ƙarfi a cikin tiyon. Ya yanyanke robobin da Matiyu ya naɗa. Notin sama ya ci tsatsa, sai da ya jiƙa shi da kananzir, ya riƙe da sifana ɗaya ya murɗa da ɗaya, sannan ya saki. Ya tara sauran man a galan, ya toshe bakunan da tsumma mai tsabta don kada ƙasa ta shiga. Ya ɗauki tsohon tiyon zuwa kasuwa, aka yanka masa sabo daidai tsawonsa, aka matse masa sababbin kawuna. Da ya dawo ya canja washa, ya ɗaura da hannu tukuna don kada zaren ya hau karkace, sannan ya ƙara da sifana. Ya cika mai, ya tayar da injin. Garmar ta yi ɗan tsalle, ta tashi sama tsaf.

Ƙarar ce ta fito da Dokas, da baƙin ɗankwali a kanta.

"Malam Zubair, waye ya sa ka?"

"Ba kowa, Maman Eric. Gonar ce kada ta wuce lokaci. Akwai direban da na sani, gobe zai iya fita da ita."

Shi kuwa aikin bai ƙare ba, saura a duba ko akwai yoyo. Ya yago gefen wani kwali, ya riƙe shi ta can ƙarshe, ya tsaya nesa-nesa yana bin tiyon da shi a hankali, hannunsa bai kusanci robar ba. Dokas ta bi kwalin da ido har ƙasa.

"Me ya sa ba ka taɓa da hannu?"

"Ba a taɓawa. In da rami, man zai huda mutum."

Ta juyo ta dube shi. "Ranar da shi ya taɓa, kana wurin. Na ji muryan ku."

"Ina wurin."

"Ka gani?"

Zai iya cewa ya riga ya juya baya, ba mai ƙaryata shi a duniya. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ko a tasha.

"Na gani," ya ce. "Tun kafin ya sa hannun na gani."

Dokas ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage shi ba. Ta zagaya, ta taka ƙarfen hawa, ta kashe injin da kanta, ta zare makullin ta ƙulle a bakin zaninta.

"Kwashe kayan ka," ta ce. Ta shiga gida ta sa sakata.

Unguwar ta yi tsit. Zubair ya tsaya a gefen taya, kwalin na hannunsa a bushe, ko ɗigon mai babu. Can hadari ya taso daga wajen duwatsu, yayyafi ya fara sauka a kan kwalin ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana tsaye bai motsa ba.