Allon Dokta Sualihu

Shekara huɗu ina bin Dokta Sualihu, malamina na lissafi, a kan tambaya ɗaya. Akwai siffofin da duk inda ka tsaya a kansu sai ka ga shimfiɗaɗɗen fili, kamar doron duniya. Su ake kira manifol. Akwai kuma masu kama da su, sun ci kowane gwajin ƙirga, amma wani wuri a jikinsu a cukurkuɗe yake. Ta yaya za a bambance na gaske? Digirina na jiran mataki ɗaya: nuna cewa a siffarmu, faifai biyu da suka ratsa juna za su rabu in an ɗan gusa su.

Dokta ɗan malamai ne, da taurin kai. Ga kwamfuta, ga takarda, amma ba ya tunani sai a kan allon katako da tawada. Ranar Talata ya kira ni yana dariya: "Mashudatu, faifan sun rabu! Yana kan allo, ki zo Alhamis."

Ranar Laraba jini ya buge shi. Hannun dama ya mutu, baki ya ƙi magana.

Da aka sallamo shi daga asibiti na hau babur zuwa gidansu a Gurugu. Ina jin kunyar faɗa, amma allon nake tunani duk hanya. Na tarar da allon jingine da bango, fes, yana ɗigar ruwa.

Mahaifiyarsa, Hajiya Zalia, wadda idonta ya yi rauni, tana zaune bakin gado da ƙoƙo.

"Mma, rubutun allon nan fa?"

"Na wanke, ɗiyana. Na ga zobe-zobe, na ce hatimi ne shi rubuta da hannunshi. Wane magani ya fi wannan? Ya sha rabi ma."

Wa zan yi wa faɗa? Tsohuwar da ta yini tana wuridi? Na dubi Dokta. Ya sani sarai. Ya ɗaga yatsu biyu na hagu, ya haɗa, yana so ya nuna mini yadda suke rabuwa. Kafin su rabu, suka faɗi kan zane.

"Riƙe mini kanshi," in ji Hajiya.

Na riƙe. Ya shanye sauran.