Yayana Ya Iya Sauraro

Tun da kamfaninsu ya tura Yaya kwas ɗin koyon dabarun magana da mutane, ban sake yin faɗa da shi na ji daɗi ba. Da can in na ɗaga murya sai ya rama, mu wanke juna tas, da yamma ya shigo da lemo a leda. Yanzu kuwa sai ya karkatar da kai, ya haɗa yatsu, ya maimaita mini abin da na faɗa da wata murya mai sanyi kamar ta mai sanarwa a asibiti. Wai haka aka koya musu, ka nuna wa mutum ka ji shi.

Ni ke jinyar Baba tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ke juya shi, ni ke wankin zanen gado, ni ke daka ƙwayar magani in ba shi a cokali. A cikin haka nake karatun jarrabawar Turanci, wadda ita kaɗai ta tsaya tsakanina da makarantar koyon jinya. Sau biyu tana kayar da ni, duk a ɓangaren waƙoƙi. Littafin waƙoƙin har ya yi tabon man zafi, don ina matsa wa Baba ƙafa ina haddace baitocin wani Bature da ya zauna yana kuka a kan fure. Baba ba ya jin Turanci, maganarsa ma ta koma kalma ɗaiɗai, amma da na yi shiru sai ya bubbuga gefen gado da hannunsa mai lafiya, wato in ci gaba.

Jarrabawar ranar Asabar ce da safe. Abin da na roƙi Yaya a waya bai taka kara ya karya ba: ya zauna da mahaifinsa zuwa tsakar rana. Ya ce ya ji ni, abin da nake cewa shi ne na gaji, kuma ina ganin an bar mini kaya ni kaɗai, haka ne? Na ce haka ne, zai zo? Ya ce ya yaba da yadda na fito fili na faɗi damuwata. Na ajiye waya raina a ɓace, ban samu e ba, ban samu a'a ba.

Ranar Asabar sai ga shi, farar riga a goge, yana ƙamshi, mukullin mota a hannu. Har na ji kunyar zargin da na yi masa. Ashe ya zo ne ya gaya mini ba zai iya zama ba, an sa shi ya koya wa sababbin ma'aikata yadda ake sauraro. Ya ce ya tako da ƙafarsa ne saboda labari marar daɗi ba a bayar da shi ta waya. Wannan ma a kwas aka koya musu.

Na shige ɗakina don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Ina tsaye da katin jarrabawa a hannu na ji Baba ya ce, "Fitsari."

Kwalbar fitsarin tana ƙarƙashin gado, dab da takalmin Yaya. Makaho ma zai laluba ya same ta, shi ya sa ban fito da gudu ba. Sai na ji muryar nan mai sanyi.

"Na ji ka, Baba. Kana cewa fitsari ya matse ka, ko?"

Baba ya sake faɗa, da ƙyar. Yaya ya ce ya fahimta, ya san abin ba sauƙi. Kafin in iso, zanen ya jiƙe har gefen katifa, Baba ya juyar da fuska bango. Tun da ya kwanta ban taɓa bari haka ta same shi a gaban kowa ba. Ban taɓa tsanar ɗan'uwana ba sai a wannan safiyar, yana durƙushe, yana tattare bakin wandonsa.

Na yar da jaka, na jawo baho, na fara naɗe hannun riga. Jarrabawa dai ta wuce ke nan. Sai Baba ya bubbuga gefen gado. Na ɗauka ciwo ne, na sunkuya. Ya sake bugawa da ƙarfi, ya kalle ni, ya kalli ƙofa.

Na miƙe na danna wa Yaya bahon a ƙirji, na ɗauki jakata. Ya biyo ni har soro yana cewa ana jiran sa, ga rigarsa, kuma shi bai san ta inda ake farawa ba. Muryar sanyin nan duk ta gudu.

Na tsaya, na karkatar da kai, na dube shi ido cikin ido.

"Na ji ka, Yaya. Abin da kake cewa shi ne ba ka taɓa wanke mahaifinka ba. Haka ne?"

Ya tsaya rungume da bahon.

"Sabulu yana kan taga," na ce, na ja ƙofa.